Katin Sauti da Gangar Noma: Nazarin Waƙa Guda da Aka Naɗa Sau Biyu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne kwatanta naɗi biyu na waƙar noma guda ɗaya, wadda makaɗi ɗaya ya yi da bakinsa. Naɗin farko mu muka yi shi a bakin gona, ranar wata gayya a Horo Birni ta ƙaramar hukumar Shagari, lokacin da muka raka ɗalibanmu aikin tattaro adabin baka a ƙasashen Boɗinga da Shagari. Na biyu kuwa an yi shi ne bayan 'yan watanni a wani situdiyo cikin birnin Sakkwato, bisa ɗaukar nauyin wani mai hali da ya ji waƙar ta burge shi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne hanyar da sautin ya bi iri ɗaya ce a duka biyun, watau daga makirufo zuwa katin sauti, daga katin sauti zuwa manhajar da ke cikin kwamfuta. Amma duk wanda ya saurare su a jere zai yi shakkar ko waƙa ɗaya ce.

Ba za mu ambaci sunan makaɗin ko na situdiyon ba, domin ba su muka zo tuhuma ba. Waɗanda maganar ta fi shafa su ne mu malamai, da muke karɓar kundayen ɗalibai a kan waƙoƙin baka ba tare da mun tambaye su irin naɗin da suka saurara ba. Abin da muke son nunawa shi ne naɗin situdiyo na wannan zamani bai zama shaidar wata aiwatarwa da ta auku ba, don haka akwai tambayoyin nazari da ba ya iya amsawa, ko da kuwa ya fi daɗi a kunne.

Aikin katin sauti

Ya kamata mu fara wanke wanda ba shi da laifi. Sau da yawa akan ji dattawa, har da wasu manazarta, suna cewa kwamfuta ta ɓata kiɗan Hausa, kamar dai ita na'urar ce ba ta jin ganga. Wannan magana tana bukatar gyara.

Sauti kaɗawar iska ne. Makirufo yakan mayar da wannan kaɗawa ta zama ƙarfin lantarki mai hawa da sauka. Aikin katin sauti, ko na cikin kwamfuta ne ko wanda ake jonawa ta kafar USB, shi ne ya riƙa auna wannan ƙarfi a kai a kai yana rubuta abin da ya samu da lambobi. A ma'aunin faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana yin awon sau 44,100 a kowane sakan, kuma kowane awo yana faɗawa kan ɗaya daga matakai 65,536, abin da masu sana'ar ke kira bit 16. Ƙa'idar lissafin da aka gina abin a kanta ta nuna cewa ana iya kama duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai rabin adadin awon ba. Rabin 44,100 kuwa ya ɗara 20,000, wanda shi ne iyakar abin da kunnen yaro mai lafiya yake ji. Ke nan babu wani amo na ganga ko kalangu ko muryar ɗan Adam da ya fi ƙarfin wannan awo. Kaset ɗin da malamanmu suka yi aiki da shi a shekarun 1970 da 1980 bai kai nan ba, ga shi da shuu a bayan murya, ga shi kuma duk kwafin da aka yi daga wani sai ya rage kyau. Lambobi kuwa ko sau dubu aka kwafe su suna nan yadda suke.

Inda katin sauti yake da tarko shi ne rufinsa. Kaset in an cika masa ƙara yakan danne ta a hankali, amma katin sauti in sauti ya wuce matakinsa na ƙarshe sai ya sare kansa ƙaf, kuma abin da aka sare ba ya dawowa. Mu kanmu mun faɗa wannan rami a Horo Birni. Mun daidaita ƙarfin shigar sauti da muryar makaɗin yana gaisawa da mu, da aka saki gangar noma sai ga allon ya cika da ja. Kafin mu farga mu rage, buɗewar waƙar ta riga ta tafi, abin da ya rage a wurin sai ƙara kamar ana yaga tabarma. Laifinmu ne, kuma darasin da kowane ɗalibi ya kamata a koya masa kafin a tura shi ƙauye: a auna da mafi ƙarar kayan kiɗa, a bar sarari a sama.

To, in katin sauti kunne ne mai gaskiya, daga ina bambancin ya fito? Ya fito ne daga yadda aka tsara shigar sautin, da kuma abin da manhaja ta ba da damar a yi masa bayan ya shiga.

Yadda aka yi naɗin biyu

A gona mun yi amfani da katin sauti mai kafa biyu da manhajar Audacity, wadda ake samu kyauta tun shekarar 2000. Makirufo ɗaya yana fuskantar jagora, ɗayan yana tsakanin 'yan amshi da ganguna. Muka danna, muka bar shi yana tafiya har aka sauke fartanya don shan fura. Waƙar da muke magana a kanta ta haura sulusin awa. A cikinta akwai iska, akwai guɗa, akwai ihun samari, akwai kukan jaki daga nesa, akwai kuma wuraren da ganga ta rufe kalmomi har sai da muka koma wurin makaɗin ya warware mana.

A situdiyo, kamar yadda makaɗin da kuma matashin da ya yi aikin suka bayyana mana, an bi tsarin da ya zama jiki tun lokacin da fiyano ta shigo waƙoƙin finafinan Kano a shekarun 1990, kwamfuta kuma ta biyo bayanta. Makaɗin ya rera gindin waƙar sau biyu ko uku, matashin ya kama raujin a fiyano, ya gina kiɗa a manhajar FL Studio, wadda da ake kira FruityLoops kafin a sauya mata suna a 2003. Da kiɗa ya kammala sai aka shigar da makaɗin wani ɗan ƙuƙumin ɗaki shi kaɗai, aka sa masa abin ji a kunne, aka ce ya hau. Yana yin ɗa guda a tsaya, in ya yi tuntuɓe a koma. 'Yan amshinsa ba su zo ba, domin kuɗin mota da na abinci ba su cikin yarjejeniya, kuma ko sun zo ɗakin ba zai ɗauke su ba, katin ma kafa biyu gare shi. Wasu 'yan mata biyu da ke aiki da situdiyon su suka yi amshi washegari, makaɗin yana gida. Abin da ya fito bai kai minti bakwai ba. Da muka tambaye shi yadda ya ji, sai ya ce, "Malam, can ciki ni ɗai nika waƙa, kamar mai kiran salla."

Amshi

A nan ne bambancin ya fi girma, kuma a nan za mu daɗe.

Duk wanda ya karanta Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya fito a 1993, ya san cewa ana gina waƙar ƙungiya ne a kan gindi da ɗiya, jagora yana kawo ɗa, 'yan amshi suna karɓa, wani lokaci su yi masa ƙari kafin su dawo gindi. A takarda abin yakan zama kamar gindi layi ne guda da ake maimaitawa, har ɗalibai sukan gaji da rubuta shi su sa alama kawai. Amma a naɗin gona, da muka jera wuraren da gindin ya dawo muna duba surarsu a allo, ba mu sami biyu da suka yi daidai ba. Wani wuri 'yan amshi sukan faɗo tun jagora bai rufe baki ba, su haɗiye gaɓarsa ta ƙarshe, musamman in ya ambaci wani manomi da ya yi fice a wurin. Wani wuri sukan ja gindin su ninka shi, kuma da muka lura sai muka ga a daidai nan ne jagora yake neman numfashi ko yake laluben ɗan da zai biyo. Akwai wuri guda da ya fara jero kakannin wani saurayi ya sarƙe, babban ɗan amshinsa ya jefo masa sunan a cikin ƙari, shi kuma ya cafe ya wuce kamar da ma haka aka shirya. Wanda bai san sana'ar ba ba zai ma gane an yi ceto ba.

Ke nan amshi aiki ne na kunne da na hankali. Shi ne kuma makarantar da ake horar da makaɗan gobe. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi amshi a ƙarƙashin mahaifinsa da kuma yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya, kuma mai sauraron tsofaffin faya-fayan Ibrahim Narambaɗa ko Sa'idu Faru ya san cewa wani babban rabo na daɗin waƙoƙinsu yana bakin yaransu ne.

A naɗin situdiyo an ɗauki gindin sau ɗaya, aka gyara shi, sannan aka kwafe aka manna a duk inda ake bukata. Ba sai an yi gardama ba, allo yana nunawa: in aka ɗora surar amshi na farko a kan ta ƙarshe sai su haɗe kamar an buga da hatimi. Babu ƙari ko ɗaya, domin masu amshin ba su san manoman ba, ba su ma ji ɗiyan waƙar duka ba. Babu faɗowa kafin lokaci, domin mai haɗawa yana ɗaukar wannan a matsayin kuskure, yakan ja shi da linzamin kwamfuta ya mayar da shi kan layi. Ɗalibin da ya ɗauki wannan naɗi ya rubuta babi a kan "dangantakar jagora da 'yan amshi" yana bayanin abin da bai taɓa faruwa ba, tun da jagoran da masu amshin ba su taɓa haɗuwa ba. Mun ga irin wannan babi a kundaye fiye da ɗaya, kuma, a faɗi gaskiya, akwai wanda mu da kanmu muka sa wa hannu kafin idonmu ya buɗe.

Gudun kiɗa

Manhajar kiɗa tana da agogo. Kafin a buga komai sai an gaya mata bugu nawa ake so a minti, ita kuma ta shimfiɗa layuka a allo kamar kunyoyin da aka ja da igiya, kowane bugu ya zauna a kan layinsa. FL Studio in an buɗe ta takan zo da gida 16 a jere, watau bugu huɗu kowanne an raba shi huɗu. Ana iya sauya wannan, amma mai aikin da ke da mutum biyar suna jira a benci, ga janareta yana shan mai, ba safai yake tsayawa sauyawa ba. Kiɗan Hausa da yawa kuwa raba bugu uku yake yi, kuma na wannan waƙa yana cikinsu. An dai yi dabara an tura shi cikin gidajen, ya shiga, amma ya fito da wani ɗan tsalle irin na waƙoƙin nanaye wanda babu shi a asali.

Wannan ma ƙarami ne a kan maganar gudu. Gangar noma ba don rawa ake buga ta ba, don fartanya ake buga ta. A naɗin gona kiɗan ya fara a natse, ya riƙa ƙara wuta yayin da samari suka doshi ƙarshen kunya, ya lafa da suka juyo, ya sake tashi da makaɗin ya ga wasu biyu sun yi kunnen doki ya shiga zuga su. Mai ganga idonsa yana kan manoma, jagora kunnensa yana kan ganga, manoma kuma suna jin duka biyun. In aka zana gudun waƙar a takarda zai fito da tudu da gangare, kuma kowane tudu yana da dalilinsa a gona. A situdiyo layi ne miƙaƙƙe daga farko har ƙarshe. Ɗan da aka yi don a rera shi a guje, ana haki, ya zo da gudu ɗaya da ɗan buɗewa, sai zugar da ke cikinsa ta zama labarin zuga.

Murya da karin harshe

Hausa harshe ne mai karin sauti, kowa a wannan zaure ya san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya. Tun a 1972 Paul Richards ya auna dangantakar karin harshe da rauji a wata waƙar Hausa, ya tarar sau da yawa suna tafiya tare, ko da yake ba kullum ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa hawa da saukar murya ya shafi manazarcin harshe, ba mai nazarin kiɗa kaɗai ba.

Manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997, aikinta shi ne ta saurari murya ta ja ta zuwa mataki mafi kusa a cikin matakai 12 na fiyano. An yi ta ne don gyaran ɗan kuskure a ɓoye, amma in aka matsa ta sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki da wani amo kamar na ƙarfe, kuma wannan amo shi ne kunnen matasa ya saba da shi har ya zama ado. Ba za mu yi ƙari a kan abin da muka ji ba: manhajar ba ta mayar da karin sama ya koma na ƙasa ba, kuma babu kalmar da ma'anarta ta juye. Abin da ya salwanta shi ne abin da ke tsakanin matakan. Makaɗin yana da wata al'ada ta zamewa daga sama zuwa ƙasa a kan gaɓa mai nauyi a ƙarshen layi, kamar mai sauke kaya a hankali, kuma karin faɗau a bakinsa faɗuwa yake yi da gaske. A situdiyo wannan zamiya ta koma hawa biyu ko uku na matakala. Haka nan muryarsa a gona takan ɗaga kaɗan kaɗan yayin da waƙa ta yi zafi, 'yan amshi su bi shi, har ƙarshen waƙar ya fi farkonta tsayi. Fiyano ba ta san wannan ba, inda aka ajiye ta nan take.

Abin ya fi muni ga kayan kiɗa masu magana. Ita wannan waƙa da gangar noma aka yi ta, amma mai haɗawa ya ga ya kyautu ya ƙara mata kalangu daga cikin sautukan da ke ajiye a kwamfutarsa. Kalangu na gaske a hammata yake, makaɗi yana matsa igiyoyinsa yana saki, fatar tana ɗaurewa tana kwancewa, da haka yake bin karin magana har ya kira take, mai take ya ji ya san da shi ake. Haka kotso yake a hannun makaɗan fada. Littafin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 cike yake da bayanin irin wannan aiki na kowane abin kiɗa da wanda ake buga wa shi. Kalangun kwamfuta kuwa bugu ɗaya ne da wani ya taɓa yi a wani wuri, aka adana, ana ta maimaita shi. Yana da amon kalangu, amma ba ya cewa komai. Daɗin daɗawa, sanya shi a waƙar noma ya rikita wani tsari da Bahaushe ya daɗe da shi, inda ake gane sana'ar mutum da irin kiɗan da ake yi masa.

Abin da aka samu

Adalci ya sa mu faɗi cewa naɗin situdiyo ya fi namu fitar da kalmomi nesa ba kusa ba. Ɗalibi zai iya rubuta matanin a zama ɗaya. Ya kuma kai waƙar inda gayya ba za ta kai ta ba, domin mun ji ta a wayar wani mai shayi a tashar Boɗinga, makaɗin kuma ya sami gayyata biyu ta dalilinta. Taƙaita ta da aka yi, da cire sunayen manoman da zambon ragwaye aka sa sunan mai ɗaukar nauyi, ba aikin na'ura ba ne, aikin kasuwa ne, kuma makaɗan Hausa sun san wannan ciniki tun kafin a haifi kwamfuta.

Haka kuma ba yau naɗi ya fara taɓa waƙa ba. Faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a fuska guda, dole makaɗi ya datse. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da takwarorinsa irin su Rima a Sakkwato, sun raba makaɗa da 'yan kallonsu sun shigar da su ɗaki. Sai dai a duk waɗannan, ƙungiya takan shiga ne gaba ɗaya, ta yi waƙar a lokaci guda, kowa yana jin kowa. Abin da ke faifan ya taɓa faruwa, ko da a taƙaice. Sabon abu a naɗin kwamfuta shi ne ana iya harhaɗa waƙa daga guntaye da aka ɗauka a ranaku daban-daban, ta fito sumul, alhali babu wata sa'a a duniya da aka taɓa yin ta haka.

Ba kuma muna sukar mawaƙan zamani da aka haifi fasaharsu a situdiyo ba ne. Waƙoƙin Aminu Ala ko Nura M. Inuwa da wannan hanya aka ƙera su tun asali, manhaja tana cikin kayan aikinsu kamar yadda kuntigi yake ga Ɗanmaraya Jos, kuma suna bukatar ma'aunin nazari nasu na kansu, wanda har yanzu ba mu gama tanada ba. Kuskuren shi ne a auna su da ma'aunin waƙar ƙungiya, ko a ɗauki waƙar ƙungiya da aka sake ƙerawa a situdiyo a ce ita ce ta asali.

Abin da ya rage a hannunmu

Akwai mataki na ƙarshe da ba a cika kula da shi ba. Abin da ke fita daga situdiyo zuwa memori da wayoyi matsattsen fayil ne na MP3. Sautin CD yana cin kilobit 1,411 a sakan, MP3 da aka fi yaɗawa kuwa 128 ne, watau kusan kashi ɗaya cikin 11. Ana samun wannan ragi ne ta hanyar zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, kuma kaifin bugun ganga yana cikin abin da ya fi shan wahala. In aka sake matsa shi, sai a ƙara zubar da wani. Ƙungiyar taskokin sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada naɗin ajiya ya gaza awo 48,000 a sakan da bit 24, a fayil marar matsi irin WAV. Katin sauti mai araha na yau yana iya wannan. Abin da ya rage shi ne sassanmu su sa shi cikin sharuɗɗan aikin ɗalibai, tare da wajabta musu su bayyana a farkon kundi inda aka yi naɗin, da wanda ya yi, da ko ƙungiya ta yi shi a lokaci guda ko harhaɗawa aka yi. In an sami naɗi mai kyau, manhajar Praat da aka ƙirƙira a Jami'ar Amstadam, wadda ita ma kyauta ce, za ta nuna wa ɗalibi hawa da saukar murya da tsawon kowace gaɓa a ido, irin aikin da Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh suka yi a kan karin rajaz na Hausa, wanda ya fito a 2019.

Mun koma situdiyon muna neman a ba mu muryar makaɗin tsurarta, kafin a sa mata gyara, domin ko ita kaɗai da ta yi mana amfani. Matashin ya karɓe mu da mutunci, ya ce, "Wallahi Malam, da kun zo da wuri." Ma'ajiyar kwamfutarsa ƙarama ce, duk aikin da aka biya aka karɓa yakan share guntayensa ya bar gamammen kawai.

Da kaka muka sake zuwa Horo Birni don mu kai wa makaɗin kwafin naɗin gona, muka tarar ana bikin wani daga cikin samarin gayyar. Da ya ɗauko waƙar, sai matasa suka riƙa kiran a yi musu ita "irin ta memori". Ya yi musu. Mai ganga ya riƙe gudu ɗaya bai ƙara ba bai rage ba, 'yan amshi kuma, har da babban nan da ya taɓa jefo masa suna, suka riƙa jira sai ya rufe baki sannan su karɓa.